Zoɓon Gwaggo a Gorunan Anti Nanret

Tashar Zuba ce ta fara yi mini maraba da Abuja, kuma da mari ta yi. Na sauka daga motar Kano da jakata a kafaɗa da buhun zoɓon da Inna ta ɗaure mini tun daga Maigatari, ta ce tsarabar Gwaggo Tasalla ce, kada in kuskura ya jiƙe. Ban taɓa ganin lemo da ayaba da kankana an tule su kamar yashin gini ba sai a nan. Na tsaya ina kallo baki sake, wani mai baro ya kusa kwashe mini ƙafa, ya kuma juyo ya zage ni a kan laifinsa. Na rama. Ni ba a zagina in haɗiye, ko a garin wa nake.

Wani direba ya rantse mini da kabarin kakansa cewa har Mararaba zai kai mu. Mun ɗan yi nisa a kan titin nan mai faɗi kamar filin idi, sai ya gangara gefe ya ce injin ya yi zafi, kowa ya sauka a tura. Muna sauka kwandasta ya watso mana kayanmu, mota ta tashi lafiya lau ta yi gaba. Sauran fasinjojin ko tsaki ba su yi sosai ba, da alama sun saba. Ni ce kawai na bi motar da gudu ina ɗaga mata yatsu biyar.

Wata tsohuwa 'yar Gbagyi ce ta tsince ni zaune a kan buhuna. Doya ta ɗauko a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Ta ce, "Yarinya, ka tashi ka bi ni." Sai da na waiwaya in ga namijin da take wa magana. Ta kai ni har inda motocin Nyanya ke tsayawa, ta yi wa kwandastan kashedi da yarensu, ta kwance bakin zaninta ta ba ni dafaffiyar gyaɗa. Ban tambayi sunanta ba. Har yau in na ga mace da kaya a kafaɗa sai na leƙa fuskarta.

Gwaggo Tasalla ƙanwar babana ce, ta daɗe a Mararaba har Hausarta ta fara ɗan karkacewa. Rumfarta tana daidai inda Nyanya ta ƙare Mararaba ta fara, a bakin wani ƙaton kwalbati da ya ratsa ƙarƙashin titi. Zoɓo take sayarwa da kunun aya da ruwan gora mai sanyi. Abin da na fara lura da shi a gidanta shi ne goruna. Ƙarƙashin gado goruna, bayan ƙofa goruna, cikin tsohon firij ɗin da ya mutu goruna. Gwaggo za ta iya wuce ɗan'uwanta a hanya ba ta gane shi ba, amma ba za ta wuce gorar roba ba. In aka yi biki a unguwa, mutane na kallon amarya, ita tana kallon ƙarƙashin kujeru. Ta ce mini a wannan sana'ar zoɓo ba ya wuya, sukari ba ya wuya, abin zubawa shi ne jari.

Aikin da ya kawo ni kuwa a Maitama yake, gidan wata Hajiya da aka ce tana neman mai sakandare ta riƙa taya yaranta karatu. Na yi kwalliya na tafi. Unguwa tsit kamar an yi mutuwa, katanga ta fi bishiya tsawo, babu ko akuya. Mai gadin ya leƙo ta ɗan ramin ƙofa ya ce Hajiya ta yi tafiya, kuma an riga an ɗauki wata. Na ce ya buɗe in gani da idona. Ya yi dariya ya ce daga jin bakina 'yar wajen Gumel ce, shi ma can ne tushensa. Bai buɗe ba, amma ya miƙo mini shayi a kofinsa ta ramin, na sha a tsaye.

Ina shan shayin nan na ga abin da ya fi rashin aikin ƙona mini rai. A gidan da ke kallonmu, wani mai kula da fulawa yana ba ciyawa ruwa da tiyo. Ba ciyawar dabba ba, ciyawar kallo. Ruwan ya ƙoshi ya malalo titi, yana tafiya shi kaɗai, fari tas, babu mai tare shi. Na tuna layin jarkoki a famfon unguwarmu, da yadda Inna ke tara ruwan wankin shinkafa ta ba tumaki. Nan ne kewar gida ta kama ni. Na dawo Mararaba ban yi wa kowa magana a mota ba, abin da ba halina ba ne.

Na yi makonni ina zaman rumfa, ina cika goruna ina ƙunƙuni. Ran nan sai ga wata mata doguwa da dogon takalmin roba da hular kwano, ta sauka cikin kwalbatinmu tana auna bango da tef. Ni ban iya gani in yi shiru ba. Na leƙa na ce, "Baiwar Allah, me kika yar a ciki?"

Ta ɗago ta ce, "Shekara biyu na yar. Ka gan su?"

Sunanta Nanret, 'yar Filato, tana karatun digirin digirgir a jami'a a kan ruwan da ke bin kwatocin gari. Ta hau ta sayi zoɓo, ta zauna a bencinmu ta yi mini bayani kamar ni ma malama ce. Ta ce duk abin da garin nan ya tara a rani, baƙin man makanikai, tokar shara, fitsarin bayan shaguna, garin taya, yana nan kwance yana jiran ruwan sama na farko. Da ya sauko, a 'yan mintunan farko yake kwashe su gaba ɗaya ya turo su ta wannan kwalbatin, su gangara rafin da ake noman alayyafo da latas, inda mata ke wanki. Wannan baƙin ruwan na farko take so ta kai ɗakin gwaji. Na biyu da na uku ba su da amfani gare ta, gari ya riga ya yi wanka. Na kwatocin Maitama ta samu tuntuni. Na nan ne ya gagare ta, kuma in babu shi babu abin da za ta gwada na can da shi.

Shekarar farko sun kafa na'ura mai ɗiban ruwan da kanta, 'yan jari bola suka kwance ta kafin hadari ya haɗu. Shekara ta biyu ta taso da kanta daga cikin gari, gosilon Nyanya ya riƙe ta, tana cikin mota tana kallon ruwan yana wucewa. Bana ce ta ƙarshe. Jami'a ta ce lokacinta ya ƙare, in ba ta kawo sakamako ba sai dai ta tattara ta koma gida, inda ta bar ɗanta wurin mahaifiyarta tun yana rarrafe. Abin da take nema shi ne mutumin da yake kwana yake tashi a bakin kwalbatin.

Na ce ga ni. Ta tambayi takarduna, na ce sakandare, kuma na ci kimiyya. Ta ce aikin akwai wari. Na ce zaman banza ya fi shi wari.

Wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu kamar koyon aikin nan ba. Ta ba ni takalmi da safar hannu da wata doguwar sanda mai mariƙi a baki, inda ake maƙala gora a zura ta daga sama ba sai an shiga ciki ba. Ta sa na yi ta gwadawa a busasshen kwalbati har 'yan acaɓan da ke fakin a gefen rumfa suka raɗa mini Injiniyar Kwata. Na ce na ji, ya fi 'yar zaman benci. Ta kai ni jami'a na ga ɗakin gwajinsu, na ga Farfesansu, wani ɗan tsamurmurin dattijo da ya gaishe ni da hannu biyu a ƙirji. Na leƙa madubin ƙara girma na ga abin da ke iyo a ɗigon ruwan rafinmu, na yi kwana biyu ban ci latas ba.

Daga ƙarshe ta kawo mini wata shuɗiyar kula cike da goruna masu faɗin baki, farare ƙal, kowace da lambarta. Ta ce da wani sinadari aka wanke su a ɗakin gwaji. Kada in buɗe, kada in shinshina, kada in wanke, kada komai ya shiga sai ruwan kwatar. Na tura kular ƙarƙashin gadon Gwaggo, na maimaita mata duk abin da aka ce. Gwaggo ta kalli kular, ta ce, "To."

Daga nan na zama mai gadin sama. A garinmu sai an gaji da roƙo kafin ruwa ya sauka, a nan kuwa tun zafi bai gama nuna ba aka fara jin ƙamshinsa. Ina tashi gabas nake duba kafin in duba fuskar kowa. Sau da yawa hadari ya haɗu, in sa takalmi in ɗauki sanda in tsaya, iska ta zo ta watsa shi, 'yan acaɓa su yi ta tafa mini. Anti Nanret kan kira ni ko da girgije ɗaya ta hango daga tagar ofis. Muryarta kullum kamar ta mai jinya.

Ranar da abin ya faru, an ba Gwaggo aikin zoɓon suna a gidan wani mahauci, aiki babba irin wanda ba ta saba samu ba. Bayan azahar ta aike ni kasuwar Nyanya sayen ƙanƙara. Ina dawowa da ita a ka na ji iska ta canza, sanyi-sanyi, ledoji suka tashi sama. Na ɗaga kai. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin tun daga kan duwatsu, irin haɗuwar da ba ta fasawa. Na ruga. Ban san na iya gudu da kaya a ka ba sai ran nan. Dariya nake ni kaɗai a titi, ina cewa yau dai, yau dai.

Na faɗa ɗaki na jawo kular. Ta yi nauyi. Na buɗe.

Ja. Gorunan nan duka, a jere da lambobinsu, cike da zoɓo har wuya, sai ƙamshin citta da kanumfari.

Na fito rumfa da gora ɗaya a hannu. Gwaggo ko a jikinta. Ta ce gorunanta ne suka ƙare, mutanen suna kuma na jira, ga waɗannan zaune ba aikin fari ba na baƙi. Gobe za a dawo da su ta wanke su da omo tas.

"Ke Barira, abin da za a cika da ruwan kwata, zoɓo ne zai ɓata shi? Zoɓon Maigatari?"

Na faɗa mata maganganun da bai kamata 'ya ta faɗa wa ƙanwar ubanta ba, 'yan acaɓan da suka fara fakewa a rumfar suna ji. Sannan na kira Anti Nanret. Tana ɗauka na ji hon ɗin motoci ta ko'ina, na san gosilon ya sake kama ta. Na gaya mata kai tsaye, ban iya kwana-kwana ba. Na ce in juye in wanke da omo? Ta ce a'a, omo ya fi zoɓon ɓarna. Sai muryarta ta zama ƙarama.

"Barira, Mama yana da ruwan gora? Wanda ba a taɓa buɗewa ba?"

Na kalli ƙullin ruwan da Gwaggo ta saro da safe, yana nan a ledarsa. Na ce akwai. Ta ce in juye ruwan, kada bakin kowa ya taɓa gorar, in ɗauraye kowace da ruwan kwatar kansa sau uku kamar mai alwala, sannan in cika. Ba daidai yake da nata ba, amma za ta iya kare shi a gaban Farfesa. Ta ce in yi sauri.

An fara yayyafi. Na farke ledar na ɓalle murfin ta farko na kifa ta ƙasa. Gwaggo ta cafke hannuna kamar ta kama ɓarawo. Na ɗauka jarinta take ji. Ashe ba shi ba ne.

"Goruna na ba ki, duka, ki ɗauka. Amma ruwan sha ba za a zubar da shi a ƙasa a gabana ba. A gidan uban wa kika ga ana yi?"

Babu bokiti a rumfar, duk an kai gidan suna. Na ce Gwaggo lokaci, Gwaggo ruwa zai wuce. Ta juya ga 'yan acaɓan nan da ke makure a bayanmu ta ce kowa ya karɓi gora ya shanye, sadaka ce, amma duk wanda ya bari leɓensa ya taɓa bakin gorar ita da shi ne.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani. Ƙarti sun jeru a ƙarƙashin rumfa, Bahaushe da Tibi da Egon da wani fasto da ruwa ya tare, kowa ya ɗaga kai sama ya wangale baki yana kwarara ruwa daga nesa, maƙogwaro na sama da ƙasa, ana tsawa a kansu. Wani ya ƙware, aka yi ta dukan bayansa. Wani ya ce cikinsa ya cika, Gwaggo ta ce ai ba a gama ba, ta miƙa masa ta biyu. Ni kuwa ina tsalle ina karɓar goruna ina zana musu lamba, ina yi musu ihu su yi sauri kamar ni na haife su.

Sannan ruwan ya sauko da gaske, kamar da bakin ƙwarya. Na haye kan kwalbatin da sandata. Can sama na hango mata na fitowa da kwandunan shara suna juyewa a kwata, yadda aka saba in an ga ruwa. Da farko ƙara na ji, kamar tirela na tahowa ta ƙarƙashin ƙasa. Sai wari. Sai ga shi ya ɓullo, baƙi kamar kwalta, yana tura ledoji da silifas da wata matacciyar kaza a gaba. Wannan ne abin da mace ta bar ɗanta ta yi shekaru tana jira. Na ce bismillah na zura.

Ɗauraya, zubarwa, ɗauraya, zubarwa, ɗauraya, cikawa. Sandar na fizga kamar na kama babban kifi. In na cika in miƙa baya, sai in ji an karɓa. Sai da na waiwaya na ga Gwaggo ce, ta ɗaure ledoji a hannuwanta a madadin safa, ɗankwalinta ya jiƙe ya manne, tana murɗa murfi tana jera su a kan ƙanƙarar da na sayo don zoɓon suna. Faston ya riƙe mana lema da ba ta tare komai. Wayata na cikin leda a ƙirjina, na saita mata ƙararrawar lokaci, duk lokacin da ta yi ƙara in sake zura wata, yadda aka koya mini. Ruwa na shiga idona, ina ihu ina dariya, 'yan acaɓa na kirari, Injiniya, Injiniya.

Ruwan ya fara tsagaitawa lokacin da wani acaɓa ya tsaya a gabanmu. Anti Nanret ce, ta bar motar a gosilo ta yi ta gudu a ƙafa har ta samu mai ɗaukar ta. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Ba ta gaida kowa ba. Ta durƙusa a gaban gorunan tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko baƙa wuluk, ta gaba ta ɗan sassauta, har zuwa ta ƙarshe mai kalar shayi da madara. Ta duba lambobin, ta tambaye ni ko na ɗauraye, ko wani ya sa baki. Ƙartin nan suka amsa mata baki ɗaya cewa ko kusa. Sai ta zauna daɓas a cikin taɓo ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na rawa.

Gwaggo ta tsaya tana murza hannu, ba ta saba ba da haƙuri ba. Can ta shiga ta fito da gora ɗaya mai faɗin baki, mai lamba a jiki, ja wur, ta miƙa mata. Anti Nanret ta kalli gorar ɗakin gwajinsu, ta kalli Gwaggo. Ta buɗe ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta kusa rabi.

"Mama," ta ce, "ka kashe ni yau, ka kuma tashe ni."

Farfesa ya yi faɗa, an ce har ya cire tabarau. Akwai gwaji ɗaya da ya ce ba zai karɓa daga irin wannan gorar ba, sauran ya karɓa, kuma sun isa. Kafin damina ta gaba Anti Nanret ta zama Dakta, ta je Filato ta ɗauko ɗanta, ta kawo shi rumfa ya sha kunun aya. Ni kuma ɗaliban da suka biyo bayanta sun gaje ni tare da sandar, yanzu kwalbati uku nake dubawa, kuma na sayi fom ɗin jami'a.

Da na kira Inna na gaya mata aikin da nake, ta ce wato duk nisan Abuja ruwan kwata na je ɗiba. Na ce shi. Ta ce to, ruwa dai ruwa ne, kada in zubar.

Gorunan ɗakin gwajin kuwa ba su koma jami'a ba. An ce tunda sukari ya shige su sun tashi daga aiki. Suna nan a rumfa, da lambobinsu. Gwaggo ba ta sayar da zoɓo a cikinsu ga kowa sai wanda zai sha a gabanta ya dawo mata da abarta. Sabuwar kular da aka kawo mini bana, a kulle da kwaɗo ta zo. Gwaggo ta zagaya ta, ta ɗan ɗaga ta ta ji nauyi, ta tambaye ni guda nawa ne a ciki.